Jirgin Unguwar Kuza da Na Kashe a Bakin Titi

Daga Bebeji har ka dangana da duwatsun Doguwa, babu injin gas ɗin da zai yi tari sau ɗaya ban faɗa maka ciwonsa ba. Ina kwance a ɗaki tarakta za ta wuce a titi, in ce wa ummanku wannan ba za ta kai Kiru ba, kuma kafin la'asar sai ga mai ita yana sallama a ƙofar gida. Ban da wannan, ni ne mutum ɗaya tilo a Tudun Wada da ya taɓa tuƙa jirgin ƙasa. Duk kun sha jin wannan a bakina, kun kai shi makaranta kun baza, har Rabi ta taɓa yin dambe da wata a kansa. To, yanzu da furfura ta fara leƙo ni, kuma na ji Aminu yana ba abokansa labarin da ƙarin taragai goma sha biyu waɗanda ni kaina ban sa ba, gara in zauna in rubuta yadda abin ya faru. Na tuƙa jirgi, wannan gaskiya ne. Tsawon tuƙin bai kai a dafa shayi ba. Abin da ya biyo baya shi ne labarin, kuma shi ne ban taɓa ba ku ba.

Kakanku, Allah ya jiƙansa, leburan layin dogo ne a Dangora, can ƙasar Kiru. Aikinsa bin layi da guduma a kafaɗa, ya ƙwanƙwasa nan, ya ɗaure can, ya cire ciyawar da ta fito tsakanin duwatsu. In jirgi ya taho sai ya koma gefe ya ɗaga hannu, direba kuma ya ɗora gwiwar hannu a taga ya wuce kamar shi ya shimfiɗa ƙasar. Kakanku bai taɓa sa ƙafa a cikin kan jirgi ba, ni ma haka. Da na girma jiragen suka yi ta raguwa har mutum ya yi wata bai ji kukan ko ɗaya ba, ni kuma na faɗa kanikanci: injin niƙa, injin ban ruwa, tarakta, duk wani abu mai shan gas. Na buɗe gareji, na raɗa wa kaina suna Injiniya tunda na ga babu wanda ke da niyyar raɗa mini, sunan kuma ya bi ni.

A ƙarshen daminar shekarar da aka haifi Sadiku, ranar kasuwa, wani dogon mutum ya shigo garejin da abu naɗe a tsumma. Ya gaishe ni, ya ce sunansa Isiyaku, daga Unguwar Kuza, bayan Doguwa.

"An ce kai ne mai gyaran nozul," in ji shi.

"An faɗa maka rabi," na ce. "Ni ne mai gyaran komai."

Ya kwance tsumman. Nozul dai shi ne bakin da ke fesa gas a cikin inji, kuma na riƙe dubunsa a hannuna, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Girmansa ya kai goyon masara, rubutun jikinsa ya goge saboda shafa.

"Wannan a wane kabari kuka tono shi?"

"Na jirginmu ne. Jirgin ƙasa. Goggo muke ce mata."

Na yi dariya har na zauna a kan taya. Na ce masa na je Doguwa sau fiye da gashin kaina, babu layin dogo a can, babu jirgi, in ma akwai to aljanu ke tuƙa shi. Isiyaku ya jira na gama, sannan ya ce:

"To, Injiniya, ka zo ka gaya mata da bakinka."

Kwana biyu na yi a kan nozul ɗin, na wanke, na goge, na daidaita shi. Da Isiyaku ya dawo karɓa na ce ba zan ba shi ba, ni zan je in ɗaura da hannuna. A lokacin gareji cike yake, don masu noman rani sun fara kawo injinan ban ruwa, masu niƙa kuma suna shirin sabon hatsi. Ummanku tana tankaɗe a tsakar gida ta ji ina neman jakar sufanu.

"Malam, injinan mutane fa jibge suke a can."

"Kwana ɗaya ne kawai."

"Na san kwana ɗayanka. Da shi ka je Bagauda cin kifi."

Iya, kakarku, tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi, ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Ubanka ya ƙare rayuwarsa yana share wa jirgi hanya, ban taɓa jin ya ce ya san jirgi ba. Kai ko gudumar ba ka riƙe masa ba."

"Iya, inji ai inji ne."

"To. Ka gaishe shi."

Muka hau babur ɗina da sassafe ni da Isiyaku, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Doguwa, har muka iso wata kasuwar bakin titi, rumfuna duk babu kowa don sai washegari take ci. Isiyaku ya ce in bar babur wurin mai shayi, daga nan sai ƙafa. A bayan rumfunan na ga abin da na rantse babu: ƙarfe biyu a kwance a ƙasa, tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba, samansu yana ƙyalli, alamar ana bi. Muka bi layin. Ya miƙe a kan wata 'yar ganuwar ƙasa ta tsakiyar fadama, ruwa da laka hagu da dama, ya haye rafi a kan gadar ƙarfe, sannan ya kama hawan tudu har cikin gari. Tafiyar rabin sa'a ce ga mai sauri. A hanya Isiyaku ya ba ni tarihin. Masu haƙar kuza ne suka shimfiɗa layin tun kafin a haife shi, don fito da kaya bakin titi. Da haƙa ta mutu suka watse suka bar ramuka da kan jirgi ɗaya da taragai biyar. Daga faɗuwar ruwa har fadama ta bushe babu motar da ke shiga garin, ko jaki sai ya nutse, saboda haka masara da rake da dankali da mai naƙuda da gawa, duk Goggo ke fito da su. Wani alhaji ne ya sayi filin da duk abin da ke kansa, ya kuma bar wa gari jirgin. Da ya rasu, ɗansa da ke zaune a Kano ya so ya sayar wa 'yan gwangwan su yanka. Maigari ya je har can ya roƙa, aka tsaya a kan magana ɗaya: muddin tana aiki a bar ta, amma ranar da kasuwa ta ci ta watse Goggo ba ta sauko da kaya da ƙarfin injinta ba, to ta zama ta mai yanka. Mai yankan kuwa, in ji Isiyaku, ba ya fashin kasuwa.

Na same ta a can ƙwanƙolin tudu, hancinta yana kallon gangara, an tokare ƙafarta da weji, wato wani gungumen ice. Ba ta kai jiragen Dangora ba ko kusa. Girmanta kamar a ce akori-kura ce ta ci ta ƙoshi. Fentin jikinta kore ne a wuraren da ya rage, rufin ɗakin direba na kwanon gida ne, bututun hayaƙi kuma an ɗaure shi da waya. Amma injin tsaf yake, ko ɗigon mai babu. A gefenta wani tsoho yana zaune a kan buhu, gajere, mai farin gemu, hannayensa baƙi ƙirin har cikin farce. Shi ne Baba Tanko. Tun yana saurayi yake shafa mata giris a zamanin masu haƙa, da suka tafi ya hau kujera, bai sauka ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya karɓi nozul ɗin ya juya shi a hannu, ya busa, ya ba ni. Na ɗaura yana kallo. Ina aiki ina ba shi labarin injinan da na tayar daga mutuwa, yana cewa "to" a inda ya kamata.

"Injiniya," in ji shi da na gama, "akwai abu ɗaya game da ita da ya kamata ka..."

"Baba, kada ka wahalar da bakinka. Ni da inji ko a mafarki muka haɗu sai ya gaishe ni."

Ya rufe bakinsa. Daidai nan aka aiko cewa Maigari yana kira baƙo ya zo ya sha fura. Ina zaure ina gaya wa Maigari da dattawa yadda na taɓa gyara tarakta da cokali, sai na ji ƙasa tana rawa. Kafin in ƙarasa labarin in fito, Goggo ta riga ta tashi, na tarar tana dawowa da baya daga wajen gangara tana huci. Na ɗauka gwaji Baba Tanko ya je yi. Ban ga yadda aka tayar da ita ba, ban kuma tambaya ba, don a ganina makulli ne da maɓalli kamar kowane inji. Ku riƙe wannan, don a nan duk abin ya lalace: da na yi shiru na tsawon shan furar nan, da ba ni da abin rubutawa yau.

Aka jona taragai uku, aka loda raken masu son kai kaya tun jajibirin kasuwa. Baba Tanko ya matsa mini a ɗakin direba, Isiyaku ya tsaya a baya wajen birki. Ba zan yi muku ƙarya ba, da na sa ƙafa a wurin nan sai da na tuna kakanku. Muka gangara a hankali, muka haye gada, da muka fito miƙaƙƙen layin fadama sai tsohon ya ɗauke hannunsa daga sandar mai ya nuna mini da haɓa. Na kama. Na ɗora gwiwar hannu a taga. Wasu mata masu cirar shinkafa suka ɗago suka dube ni, ni kuwa ko kallonsu ban yi ba. Wannan shi ne tuƙin da kuka yi ta faɗa a kai. Kafin mu kai rumfuna ya karɓi abinsa.

Muka tsaya a ƙarshen layi ana kiran azahar. Baba Tanko ya cire giya, ya bar inji yana ruri a hankali, ya ɗauki butarsa ya sauka. Ni kuma akwai wata ɗabi'a da kowane bakanike na ƙwarai yake da ita, ba ma iya jin inji yana shan gas a tsaye. Direbobi nawa na zaga a kan haka, Allah ne ya san adadinsu. Na dubi rake, na ga saukewa za ta ɗauki lokaci, ga salla, ga gas da mutanen nan suke haɗawa da gwangwani-gwangwani. Na ce tsufa ya sa Baba mantuwa, bari in rufa masa asiri. Na lalubo wayar kashewa, na ja. Goggo ta yi ajiyar zuciya sau biyu ta yi shiru.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Masu sauke rake suka tsaya da dami a ka. Mai shayi ya fito da ludayi a hannu. Baba Tanko yana tsugune ya wanke ƙafa ɗaya, sai ya tsaya da buta a sama, ruwa yana zuba a ƙasa. Isiyaku ya zagayo ya leƙo ni.

"Me ya faru?"

"Na yi muku tsimin gas ne," na ce. "In an gama sai a tayar."

"Da me?"

"Da kik mana."

Ya kama hannuna ya zagaya da ni gefen inji. Inda kik yake zama, wato abin da ke murza inji ya tashi, rami ne aka rufe da murfin tukunya, an ɗaure da kusoshi biyu. Kik ɗin ya ƙone tun Isiyaku yana goye, ba a kuma samu irinsa ba ko a Kano ko a Jos. Tun daga lokacin hanya ɗaya ce ake tayar da Goggo: ta kwana a kan tudu, da safe a cire weji, ta gangaro da nauyinta, Baba ya sa giya ya saki kuloci, ƙafafu su murza inji. Ba a kashe ta ko'ina sai a can sama. Yaro mai shan nono a Unguwar Kuza ya san wannan. Na ce a tura a nan, ai layin fadama a miƙe yake. Aka cire taragai, ƙarti wajen ashirin muka sa kafaɗa, muka yi ta nishi har ta kai saurin tsohuwa mai zuwa rijiya. Baba ya saki kuloci, ta ce "guf" ta tsaya cak, muka zube a bayanta. Sau uku muna yi. Na ce a samo mota ta ja, aka nuna mini fadama. Shawarata ta ƙare a nan.

Kafin mu idar da salla Maigari ya iso da mutane a bayansa, don daga kan tudu ana jin Goggo, kuma an ji ta yi shiru a inda ba ta yi. Ya tsaya ya dubi jirgi, ya dubi rumfunan da gobe za su cika.

"Tanko, yaya aka yi?"

"A hannuna ta mutu, ranka ya daɗe," in ji tsohon.

Isiyaku ya buɗe baki, Baba ya dube shi ya rufe. Masu sauke rake ba su ga hannuna a kan waya ba. Sai ƙananan maganganu suka fara tashi daga baya. Wani ya ce dama an daɗe ana faɗa, ido ya tafi, hankali ma ya fara bi. Wani ya ce da an ba Isiyaku kujerar tun bara da ba a kai ga haka ba. Baba Tanko yana tsaye yana goge hannu da tsumma kamar ana maganar farashin gero a wani gari. Babur ɗina yana nan taku goma daga inda nake, makulli a aljihuna, titi a buɗe har Tudun Wada. Na dubi babur ɗin. Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina dubansa, tsawon da mutum zai shanye gaɓa biyu ta rake. Ni baƙo ne, an ba ni fura, an rufa mini asiri ba tare da na roƙa ba, kuma da na ce zan je Doguwa neman wani ƙarfe babu wanda zai tare ni. Abin da ya hana ni ba jarumta ba ce. Na duba ne na ga ba ni da yadda zan ba da labarin nan a gareji, ni kuwa ba na iya riƙe labari.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ni na kashe ta. Baba yana alwala."

"Don me?"

"Don kada ta sha gas a banza."

Maigari ya jinjina kai a hankali, kamar wanda aka kawo wa shari'ar da babu ita a littafi.

"Allah ya saka da alheri," in ji shi. "To, Injiniya, igiya tana da wurin mutum ɗaya a gaba."

Aka yi shela aka kira gayya. Abin da za a yi a bayyane yake: a mayar da Goggo kan tudu da ƙarfin jiki kafin kasuwar gobe ta watse. Aka kawo shanun huɗa huɗu, aka ɗaura musu igiyoyi, mu kuma muna turawa. A fadama abin ya tafi, taku bayan taku, sai da muka iso gada ana kiran magariba. A nan shanu suka ƙi. Gadar ba ta da daɓe, katakai ne a jere da tazara tsakaninsu, kana ganin ruwa yana gudu a ƙasa, kuma babu san da zai sa kofato a wurin ko da za a yanka shi. Aka sa weji aka bar ta nan. Da aka idar da asuba muka dawo, aka zagaya da shanu ta mashigi can ƙasa, mu kuma muka kama igiya biyu muka hau katakai, ni a gaba kamar yadda aka yi mini alkawari. Mutum yana ja, yana kallon inda zai taka, yana kuma jin nauyin jirgi yana biyo shi. Na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa.

Mun haye ke nan sai ga wani mutum ya biyo layi daga bakin titi, fes da shi cikin shadda, yana shan rake. Ya yi mana sannu da aiki ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya gaida Maigari, ya tambayi Baba Tanko ƙarfin jiki. Shi ne Ɗan'asabe, mai yanka. Motarsa tana can bakin titi da tukwanen gas na yankan ƙarfe, kamar kowace kasuwa.

"Baba, yau Goggo ta ƙi tashi ne?"

"Tana hanya," in ji Baba Tanko.

"Haka na gani. Ni ba na gaggawa. Sai mahauta sun naɗe tabarma sannan zan kira Kano."

Bai taimaka ba, bai kuma hana ba. Ya riƙa binmu a gefe yana tofar da ɓawon rake, lokaci-lokaci ya ƙwanƙwasa jikin Goggo da ɗan yatsa ya saurara, yadda mai sayen kankana ke yi.

Hawan tudun shi ne aikin. Wani Bafulatani mai ruga a gefen gari ya ƙaro mana bijimai biyu, suka zama shida. Maigari da kansa yake ba da murya. In ya ce "Ya Allah!" sai mu ja gaba ɗaya, jirgi ya matsa kamu biyu ko uku, Isiyaku ya cusa weji a bayan ƙafa kafin ta komo, mu numfasa, a sake. Mata suka bar girki suka fito, wasu suna kawo ruwa, wasu suna loda masara da dankali a taragai biyun da suka rage a sama, don kada a ɓata lokaci in an iso. Daga inda muke muna hango kasuwa tana cika, motoci suna tsayawa, rana tana hawa. Wajen rabin tudu weji ya zame sau ɗaya, jirgi ya komo da baya, igiya ta fizge mu, na dage da ƙafa don kada in saki. A nan na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Na gaya muku injin tarakta na ɗaga ni kaɗai bayana ya taɓu. Ba haka ba ne. Igiyar jan Goggo ce a Unguwar Kuza. Wata uku na yi a kwance bayan nan, masu injinan da na bari a gareji suka zo suka kwashe abinsu suka kai wa wani a bakin tasha, rabinsu ba su dawo ba har yau, kuma shi ya sa kuka tashi kuka ga ubanku yana gyara da baki wasu suna ɗagawa. Ummanku ba ta taɓa ce mini "na faɗa maka" ba. Takan dai tambaye ni, in tana shafa mini man zafi, ko kwana ɗayan ya cika.

Na ci gaba da riƙe igiya don kunya, amma ja kam wasu ke yi. Rana ta take tsaka muka kai ta sama. Aka jona taragai biyu. Ni ba na iya tsayuwa, ba na iya zama, saboda haka mutum huɗu suka ɗauke ni suka shimfiɗe a kan buhunan masara, kamar kayan da za a kai kasuwa. Ɗan'asabe ya hau ya zauna kusa da kaina, ya ce ƙafarsa ta gaji, kuma ko ta tashi ko ba ta tashi ba ai ƙasa za ta. Gaskiyarsa. Gangara ɗaya ce. In inji bai kama ba kafin gada, za mu tsaya a fadama, shanu sun gaji, mutane sun gaji, kasuwa kuma ba ta jira.

Abin da ya faru daga nan kunnena ne ya gani, don idona sama yake kallo. Na ji Baba Tanko yana zagaya inji, yana kwance wani abu yana ɗaurewa, bai yi sauri ba ko kaɗan. Na ji ya hau. Na ji ya ce bismillahi, na ji weji ya faɗi gefe. Muka fara motsi babu ƙara sai ƙarfe a kan ƙarfe. Rassan wata ɗorawa suka wuce ta samana, na ji Isiyaku daga birki yana cewa:

"Baba, ɗorawa! Mun wuce ɗorawa!"

Ashe a nan yake sakin kuloci kullum. Bai saki ba. Gudu ya ƙaru, buhuna suna tsalle, bayana yana gaya mini sunayen kakannina. Isiyaku ya sake kira. Har na fara jin ƙarar ruwan rafi sannan aka fizge mu gaba ɗaya, ƙafafu suka yi ƙara a kan layi kamar ana wasa wuƙa. Tari ɗaya. Shiru. Tari na biyu, na uku. Sai baƙin hayaƙi ya rufe mini sama, ƙasa ta ɗauki rawa, daga kan tudu kuma guɗa ta biyo mu. Ɗan'asabe ya ciro wayarsa daga aljihu, ya dube ta, ya mayar.

Muka shiga bayan rumfuna kasuwa tana tsakiyar ci, mahauta ko rabin nama ba su sayar ba. Baba Tanko ya cire giya, ya bar inji yana ruri, ya ɗauki butarsa. Kafin ya sauka ya kira Isiyaku ya tsayar da shi a ƙofar ɗakin direba, ko da yake ni a lokacin ko ƙuda ba na iya korewa. Aka sauke masara, aka sauke dankali, aka sauke ni aka jingina da rumfar mai shayi, ana neman motar da za ta kai ni gida da babur a sama. Mutane suka taru suna yi mini sannu. Da na ga taro sai bakina ya dawo, na fara bayyana musu cewa a gaskiya da ban dage da ƙafa a rabin tudun nan ba, da yanzu wani zancen ake yi. Ɗan'asabe ya gama ɗaure tukwanensa a mota, ya ratso mutane ya tsuguna a gabana, ya miƙo mini gaɓar rake.

"Injiniya, Allah ya ba da lafiya," in ji shi. "Damina nawa ina zarya a kasuwar nan, tsatsa ba ta yi mini komai ba, tsufa bai yi mini komai ba. Kai kaɗai ne ka kusa. In za ka sake kawo musu ziyara, don Allah ka aiko mini tun da wuri, in taho da babbar mota."